Kunnuwan Jar Saniyar Nene

Salima ta danna madannin a karo na huɗu. Tagar manhajar ta buɗe, ta nuna koren bangonta na ƙiftawar ido, sannan ta rufe kanta kamar yadda ta yi sau uku a baya.

"Ta ƙi?" in ji Alhaji Zulkiflu daga bakin ƙofa.

"Ta ƙi, Alhaji. Amma yanzu ta fara faɗin abin da ke damunta."

Alhaji Zulkiflu shi ne shugaban ƙungiyar makiyaya, wannan ɗaki mai tebur biyu da ke bayan tashar Gure kuma shi ne biron ƙungiyar, wato ofishinta. Tun hantsi yake kaiwa da komowa tsakanin teburin Salima da baranda, inda wata tsohuwar Bafulatana ke zaune a kan tabarma, ta miƙe ƙafafu, ta ɗora ƙullin kayanta a cinya. Sunanta Nene. Da asuba ta iso daga Alakos a bayan motar kasuwa.

Wata takwas ke nan da jar saniyarta ta ɓace, ita kaɗai ce ta rage mata cikin shanun da mijinta Boyi ya bari. Shekaranjiya aka aika mata cewa wani manomi ya tsinci jar saniya ya kai ta kara, kasuwar dabbobi ta Gure. Sai dai wani mutumin Gamu mai suna Salihu ya riga ta zuwa, ya ce tasa ce, don shi ma jar saniya ya rasa da damina. Nene ta kira saniyar ta zo, Salihu ya miƙa mata dusa ta zo. Arɗo, shugaban Fulanin yankin, ya ce to, a kawo rajistar shaidar kunne bayan la'asar, abin da rajista ta faɗa shi za a bi.

Rajistar kuwa tana cikin manhajar da ta ƙi buɗewa.

Mahaifin Salima, Malam Idirisa, shi ya rubuta ta. Ma'aikacin kiwo ne da ya koya wa kansa kwamfuta da wani littafin Faransanci da ya saya a Damagaram. Shekara ashirin da suka wuce ya zauna ya ƙera manhajar layi-layi, sannan ya hau moto, wato babur, ya bi rugage da rijiyoyi daga Gidigir har Alakos, yana kama kunnuwan shanu yana dubawa, yana rubuta irin tsagar da kowane gida yake yi wa dabbarsa. Gida dubu ɗaya da ɗoriya ya shigar. Duk shekarun nan manhajar na zaune cikin wata tsohuwar kwamfuta a wannan tebur, har kwana tara da suka wuce, ranar da aka kunna ta ta yi ƙara ɗaya ta yi shiru. Zafi da rairayi da tsufa sun gama da ita.

Allah ya sa Salima ta kwafi dosiyen manhajar, wato jakar fayil-fayil ɗinta, a kile, ƴar ma'ajiyar da ake soka wa kwamfuta, tun kafin haka. Amma sababbin kwamfutocin ƙungiyar ba Windos ke cikinsu ba, Linuks ne, wanda kowa ke iya ɗauka kyauta ya buɗe cikinsa ya gyara. Ita da kanta ta shawo kan ƙungiyar aka koma masa. Manhajar Baba kuwa a Windos aka haife ta, ba ta san wani gida ba.

"Sake yi mini bayanin nan," in ji Alhaji, ya jawo kujera. "A hankali."

"Manhajar tana roƙon abubuwa da harshen Windos, Alhaji. Ta ce a buɗe mata taga, a ba ta haruffa, a ajiye mata suna. Linuks ba ya jin wannan harshen. Shi ne na sa musu tafinta a tsakani."

"Me kika ce sunan tafintan?"

"Wayin."

"Ma'anarsa?"

Salima ta sosa goshi. "Da Ingilishi giya ce, Alhaji. Suna ne kawai."

"A'uzubillahi. To ki riƙa ba ta kaɗan-kaɗan."

Ta yi dariyar da ba ta kai ciki ba, ta koma kan baƙin allon da saƙonnin kuskure ke zuba. A layi na ƙarshe manhajar ta ambaci sunan wani ɗan fishiye, wato fayil, da ta nema ta rasa, irin waɗanda Windos ke ajiye wa manhajojin wancan zamani. Salima ta haɗa salularta da kwamfutar, ta ɗaga ta kusa da taga inda rezon intanet ya fi kamawa, ta jira ya sauko da rarrafe. Ta sa shi inda tafintan zai gan shi. Ta yi bisimilla ta danna.

Koren bango ya buɗe, ya tsaya.

"Alhamdu lillahi!" Alhaji ya miƙe. "Gwaggo Nene, ta buɗe!"

Salima ta rubuta sunan Boyi. Shafinsa ya fito: Boyi ɗan Sahabi, rijiyar arewa da Alakos, shekarar 2008. Ta gangara inda ta saba ganin hoton kunnuwa biyu, na dama da na hagu, kowanne da tsagarsa. Babu kunne ko ɗaya. A gurbin na dama akwai ƙaramin harafi, g. A gurbin na hagu, babban R.

Ta buɗe shafin Salihu na Gamu. Dama, q. Hagu, R.

Ta jima tana kallo kafin ta gane. Ashe kunnuwan nan ba hotuna ba ne. Baba ya ƙera nasa salon haruffa, ya zana kunne a madadin kowane baƙi, in manhajar ta rubuta g sai a ga kunne mai irin tsagarsa. Salon haruffan kuwa ba ya cikin dosiyen da ta kwafa. Yana can wani lungu na cikin tsohuwar kwamfutar. Ta ciro faifan cikinta daga aljihun tebur, ta jona shi, ta kara kunne. Ƙas, ƙas, ƙas. Ta sake gwadawa. Ƙas, ƙas.

Ta yi wa Alhaji bayani. Ya saurara har ƙarshe, ya shafa gemu.

"To ai mutum ɗaya ne ya san abin da g take nufi," ya ce a hankali. "Sai Malam."

Salima ta mayar da faifan cikin aljihun tebur.

Shekara ɗaya da rabi da suka wuce, tana sabuwar dawowa daga jami'ar Damagaram da takardarta a hannu, ta tsaya a wannan ɗakin gaban dattawan ƙungiya ta ce manhajar ta tsufa, ranta a wuyan na'ura ɗaya yake, gara a watsar da ita a yi sabuwa. Baba yana zaune a kujerar da Alhaji ke kai yanzu. Ya cire tabarau ya ninke ya sa a aljihu. A gida ma bai tayar da zancen ba, ita kuma ta yi ta cewa gobe za ta same shi. Sati uku bayan haka ya faɗi a wurin alwala. An kai shi babbar likita, wato babban asibiti, a Damagaram, an dawo da shi ba ɓarin dama, ba harshe. Kalma ɗaya ta rage masa: to. An taɓa ba shi biro a hannun hagu ko zai rubuta, layin ya karkace, ya jefar da biron ya juya wa bango fuska, ba a sake ba.

Tun daga nan Salima ke yanke masa farce, tana shafa masa mai a ƙafa, tana karanta masa labarai. Amma maganar kwamfuta ba ta taɓa haɗa su ba. Ko mutuwar tsohuwar kwamfutar ba ta gaya masa ba.

Ta leƙa baranda. Nene ta ɗago tana kallonta da idanun da hakiya ta fara rufewa.

Salima ta rufe kwamfutar ta sa a jaka. "Gwaggo, taso mu je gidanmu. Ba nisa."

Rana ta take tsaka. Suka bi ta inuwar katangu, rairayi na shiga takalma da zafi, Salima na rage sauri saboda tsohuwar. A ƙofar gida suka yi sallama. Inna Habsu, mahaifiyar Salima, tana tsaye a rumfar kaba tana ba Malam fura da ludayi. Ta amsa sallamar baƙuwar da fara'a, ta shimfiɗa mata tabarma, ta kawo ruwa. Sai idonta ya faɗa kan jakar.

"Me kika shigo mini da shi?"

"Inna, aiki ne na ɗan lokaci."

"Na ce kada wannan abin ya ƙara shigo mini gida. Shi ya tsotse shi. Shekara ashirin yana ƙura wa hasken nan ido, ga inda ya kai shi."

"Likita bai ce haka ba, Inna."

"Likita ba shi yake ɗaga shi yana kwantarwa ba."

Salima ta sunkuyar da kai. Gaskiyar Inna ce, ita ke ɗagawa.

Nene ce ta matsa da tabarmarta kusa da kujerar Malam, ta ƙura masa ido.

"Malam mai kunnuwa," ta ce da Hausarta mai gardin Fulatanci. "Ashe kai ne. Ka tuna ni? Matar Boyi. Ka zo mana da rani, motonka ya nutse a rairayi, muka turo shi da yara. Ka kama kunnen wani maraƙi ya hamɓare ka har hularka ta faɗa cikin komin ruwa. Boyi ya yi ta dariya har ya zauna ƙasa. Kwana biyu ka yi wurinmu."

Gefen bakin Malam na hagu ya ɗaga. Kafaɗarsa ta girgiza kaɗan.

"To," ya ce. "To, to."

"Boyi ya rasu, shekara uku ke nan. Shanun sun tafi ɗaya bayan ɗaya. Saura guda, ita ma ga ta a hannun hukunci."

Inna Habsu ta dubi mijinta, ta dubi tsohuwar. Ta ajiye ludayin cikin ƙwarya ta koma gefe.

Salima ta durƙusa a gaban mahaifinta.

"Baba, akwai abin da na ɓoye maka. Tsohuwar kwamfutar ta mutu. Yau kwana tara."

Ya rufe ido. Ya daɗe haka, har ta ji kamar ta tashi ta gudu.

"To."

Ta ɗora sabuwar a kan ɗan teburin furarsa ta buɗe. Koren bangon ya haska. Idanun Malam suka buɗe sosai, suka bi tagar daga sama har ƙasa, suka tsaya a kan maɓallan da shi ya jera su. Sannan suka fita daga tagar zuwa gefen fuskar kwamfutar, inda komai baƙo ne a wurinsa. Ya ɗago ya dube ta.

"Ba Windos ba ne, Baba. Linuks ne. Amma manhajar taka ce, ko layi ɗaya ban taɓa ba. Wurin zama kawai na yi mata."

Ta nuna masa shafin Boyi, ta ɗora yatsa a kan g, ta gaya masa abin da ya ɓace da abin da Arɗo ke jira. Malam ya kalli harafin. Ya ɗaga hannun hagu ya nuna ɗaki, ya yi alamar abu mai faɗi, ya nuna ƙasa.

"Akwatin ƙarfen ƙarƙashin gado yake nufi," in ji Inna tun kafin Salima ta tambaya. Ta shiga da kanta ta jawo shi har rumfar.

Cikin akwatin akwai tsofaffin takardun aiki, da katin rigakafin dabbobi, da faya-fayen da ba sauran na'urar da ke karanta su a Gure. Duk abin da Salima ta ɗaga sai ya girgiza kai. Can ƙasa ta sami wani kaye, littafin rubutu mai shuɗin bango, irin na ƴan lakol. Malam ya buga hannun kujera.

Ta buɗe. Kunnuwa ne shafi bayan shafi, an zana su da jan biro cikin natsuwa, kowanne da harafinsa a gefe da kwanan watan da aka fara ganinsa. Kunne saba'in da huɗu. Ga g, tsaga biyu a gefe ɗaya. Ga q, tsaga biyu a ɗaya gefen. Ga R, an datse tsinin.

"Kayen ma ai ya isa a kai wa Arɗo," in ji Inna.

"Arɗo rajista ya ce, Inna. Gara su ga kunnen a shafin mai shi, kada a ce ni na haɗa."

Bayan sun yi azahar ta zauna a ƙasa kusa da ƙafafun Baba. Ta ɗauki hoton shafukan da salula, ta buɗe manhajar ƙera haruffa, ta shiga bin layin jan biron a hankali. Uku kawai take bukata yau. Gumi na ɗiga daga haɓarta, Inna na yi wa Malam fifita, iskar na ɗan taɓa ta ita ma. Nene ta jingina da ginshiƙin rumfa tana jan carbi. Da ta gama, Salima ta raɗa wa salon haruffan sunan da manhajar ke kira, Kunne, ta sa shi a taskar tafintan, ta rufe manhajar ta sake buɗewa.

Kunnuwa biyu suka fito a shafin Boyi.

Don kada a yi gardama a kara, ta ƙara ɗan rubutu a ƙasan zanen g: tsaga biyu ta gaba. A ƙasan q ta sa: tsaga biyu ta baya. Ta juya wa Baba fuskar kwamfutar tana murmushi.

Malam ya karanta. Fuskarsa ta canza.

"To!" ya ce da ƙarfi, irin to ɗin da ba yarda ba ce.

"Zanen bai yi ba?"

Ya girgiza kai. Ya nuna rubutun. Ta sake karantawa ba ta ga kuskure ba. Ya yi ƙoƙarin magana, maƙogwaronsa ya yi ta motsi, ba abin da ya fito sai numfashi. Inna ta ajiye mafici.

"Kin gani ko? Kin tayar masa da hankali. Rufe abin nan."

Amma Malam ya kamo hannun Salima. Ya ja shi sama har kunnensa, ya ɗora yatsunta a bayan kunnen, ya danna sau biyu. Ya saki, ya nuna g. Sannan ya kama kafaɗarta ya juya ta, ta ba shi baya, ya taɓa kunnenta daga nan inda yake.

Nene ce ta fara ganewa. "Daga baya yake tsayawa," ta ce. "Haka ya yi a rugarmu. Ba ya tsayawa gaban saniya, ƙaho. Ta wajen ƙugu yake zuwa ya kama kunnen."

Salima ta dafe baki. Duk zanen kayen daga bayan saniya aka yi su. Ita kuwa ta karanta su kamar mai fuskantar dabbar, gaba ya koma baya. Ta goge rubutun ta musanya: g ta baya, q ta gaba. Malam ya jingina da kujera ya saki dogon numfashi.

"To," ya ce, a hankali wannan karon.

Ana idar da la'asar suka isa kara. Kasuwa ta fara watsewa, ana loda tumaki a motoci, raƙuma na durƙushe a gefe suna tuƙa. Arɗo na zaune a kan buzu a gindin wata aduwa, Alhaji Zulkiflu a damansa, mutane sun kewaye su. Jar saniyar na ɗaure a turke, doguwa mai manyan ƙaho, haƙarƙarinta a waje. Kusa da ita wani mutum ne tsaye, siriri, mai furfura kaɗan a gemu, hannunsa a kan tozonta. Shi ne Salihu.

Salima ta gaida Arɗo ta durƙusa, ta kare fuskar kwamfutar daga rana da gefen mayafinta. Ta nuna shafin Boyi, ta nuna na Salihu. Na hagu iri ɗaya ne, an datse tsini. Na dama ne ya bambanta.

"Salihu, wannan shaidar gidanku ce?" in ji Arɗo.

Ya sunkuyo ya duba da kyau. "Ita ce. Babana ne ya ba Malam Idirisa ita, ina tsaye."

Arɗo ya tashi da kansa. Ya zagaya ta bayan saniyar, ya shafa gadon bayanta, ya kamo kunnen dama ya shimfiɗa shi a tafin hannu. Gashi ya rufe tabon, sai da ya tofa yawu ya murje shi. Tsaga biyu ne, tsofaffi, a gefen baya.

Salima ta dubi fuskar kwamfutar. Da ta zo da rubutunta na farko, da yanzu da bakinta ta miƙa wa Salihu saniyar.

Salihu ya matso ya duba kunnen, ya taɓa tsagar da babban yatsa, ya sake taɓawa. Sannan ya sunkuya ya kwance igiyar daga turke, ya naɗe ta a hannu, ya kai wa Nene.

"Gwaggo, ki yafe mini. Wallahi ba ƙarya na yi niyya ba. Kwana huɗu ina kallon kunnen nan, ina ganin abin da raina ke so."

"Ba abin yafewa, ɗana. Ai ka ciyar mini da ita." Nene ta riƙe igiyar da hannu biyu. "Allah ya bayyana taka."

Saniyar ta miƙo wuya ta shinshina zanenta. Tsohuwar ta kwantar da goshinta a wuyan dabbar tana yi mata magana da Fulatanci ƙasa-ƙasa, mutane suka kau da kai suka ba ta wuri.

Salima ta tari Salihu kafin ya wuce. Ta ce masa cikin satin nan za ta aika manhajar birorin ƙungiya na Gamu da Gidigir da Alakos, kuma za ta sa a liƙa shaidar gidansu a kowace kara. Ya gyaɗa kai ya yi godiya, ya saɓa sandarsa ya nufi tasha shi kaɗai.

Rana ta yi ja a kan tuddan rairayi lokacin da ta koma gida. Inna na bakin murhu tana tuƙa tuwo, tana tashi tana duba Malam, tana komawa. Salima ta ba su labarin kara daga farko har ƙarshe. Da ta zo wurin da Arɗo ya zagaya ta bayan saniya, Malam ya lumshe ido.

Ta zauna gefensa ta buɗe kwamfutar, ta shiga aikin da ta yi kwana tara tana son kaiwa gare shi. Ta tattara manhajar da rajistarta, da ɗan fishiyen da ta sauko da safe, da saitin tafintan, da salon haruffa mai kunne uku, ta ɗaure su wuri guda, yadda ma'aikacin Alakos da bai san komai ba zai sa kile ya danna sau ɗaya, koren bango ya buɗe masa. Malam na bin hannunta da ido.

"Baba, in ka yarda, zan sa a ciki cewa duk mai so ya kwafa, ya gyara, ya ba wani. Ba za ta ƙara zama a na'ura ɗaya ba."

"To."

Saura gurbi ɗaya, inda ake rubuta bayanin ƙunshin. Ta ɗora yatsu a kan madannai ta kasa rubuta komai.

"Baba," ta ce ba tare da ta ɗago ba. "Maganar da na yi ran nan a biro, gaban mutane. Na ce a watsar da ita. Ban san abin da ke cikinta ba. Ko da na sani ma, bai kamata in faɗa a can ba. Na yi ta cewa gobe zan same ka, har..."

Ta ji teburin ya motsa. Malam ne ya sa hannun hagu ya jawo kwamfutar gabansa. Ya dubi madannan ya daɗe. Ya miƙa manuniya ya danna ɗaya. Ya nemi wani ya danna. Ya yi kuskure, ya lalubi magogi da kansa ya goge. Baƙaƙen suka riƙa fitowa ɗaya-ɗaya a gurbin bayanin.

2030 shekara zata koma 1930. gyara

Ta karanta sau biyu. Lamba biyu ya ba shekara tun farko, ya kuma san ranar da abin zai ci manhajar. Wata goma sha bakwai yana zaune a kujerar nan da wannan a cikinsa. Dariya ta kufce mata tare da kuka, ta rasa wanne za ta tare.

"Zan gyara, Baba."

Yatsan ya sake sauka.

saura kune 71. gobe

"Gobe. Da safe, kafin in tafi biro."

Inna ta taso da muciya a hannu. "Lafiya? Me ya same ki? Me ya taɓa?"

"Inna, magana yake yi. Rubutawa yake."

Inna ta tsaya cak. Ta dubi fuskar kwamfutar, ita da ba ta yi boko ba, ta dubi yatsan mijinta a kan madannai.

"Me ya ce?"

"Ya ce akwai kuskure a lissafin shekara, in gyara."

"Shekara." Inna ta jinjina kai. "Mutum ya yi shiru tun bara, ya buɗe baki, sai shekara. Allah ya shirye ka, Malam."

Ta juya za ta koma murhu. Malam ya buga tebur da tafin hannu. Ta waiwayo. Ya riƙe ta da ido, sannan ya sunkuya kan madannan. Wannan karon ya fi daɗewa, bai kuma yarda da kuskure ko ɗaya ba, sai ya goge ya sake. Da ya gama ya tura wa Salima kwamfutar ya nuna Inna da haɓa.

habsu zauna. kin gaji

Salima ta dubi rubutun. Ba ta iya faɗin sunan mahaifiyarta ba, ta tsallake shi.

"Da ke yake, Inna. Ya kira sunanki. Ya ce ki zauna, kin gaji."

Inna ta dubi tukunyar da ke kan wuta. Ta dubi muciyar hannunta kamar ba ta san inda ta samo ta ba. Ta jingina ta da ginshiƙin rumfa, ta goge hannu a zane, ta zo ta zauna a bakin tabarma, kafaɗarta na taɓa gwiwarsa.

"Nuna mini," ta ce wa Salima. "Wanne ne sunan nawa a ciki?"

Salima ta ɗora yatsa a ƙarƙashin baƙaƙe biyar na farko. Tuwon ya fara kamu a gindin tukunya, ƙaurinsa ya iso har rumfar, ba wanda ya tashi.